Gwiwar da Na Ɓoye a Zauren Surukai

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zan taɓa mantawa da yinin da na durƙusa a zauren wani dattijo a Gwashi na kasa tashi. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina hedimastan wata firamare a Gummi, saura mini shekara biyu in yi ritaya. Wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna (na gode wa Allah a kan wannan, don da yanzu ne, da hotona ya riga ni isa gida). Ni mutum ne mai ji da kansa, ba zan ɓoye muku ba. Shekara talatin ina shiga aji yara na miƙewa, ina ratsa kasuwa ana "ranka ya daɗe, Hedimasta", to abin ya shiga jinina. Tafiyata ma daban ce: hannuwa a baya, ƙirji a gaba, kamar kullum zan duba layin asambule.

Sai gwiwata ta dama ta ce ita ba ta san wannan zance ba. Wata safiya, 'yan shekaru kafin wancan yinin, na farka na tarar ta kumbura tana sheƙi, ga zafi kamar an ɗora ta a murhu. Ko zanen rufa ya taɓa ta sai na yi salati. Ta yi kwana goma ta saɓe don kanta, bayan wata huɗu ta dawo. Masu zuwa dubiya kowa da sunan da yake ba ta. Wannan ya ce sanyin ƙashi ne, wancan ya ce amosani, wani kuma ya sunkuyo ya raɗa mini cewa in bincika malaman da ke ƙarƙashina, akwai mai son kujerata. Da ta dawo karo na uku, mai ɗakina Hauwa ta tasa ni a gaba sai asibiti a Sakkwato.

Aka ɗauki hoton gwiwar. Likitan, wani matashi mai fara'a da ba zai girmi ɗana na fari ba, ya ce wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da gishiri suke taruwa a cikin gaɓa, in sun motsa sai gaɓar ta tara ruwa ta kumbura. Ya ce abin yana kama da gawut, ciwon nan da ake cewa na masu kuɗi ne masu cin nama safe da yamma, amma ba shi ba ne. A littafinsu sunansa sudogawut, wato gawut na jabu. (Ku duba fa. Albashin malamin makaranta bai kai ni ga ciwon masu kuɗi na gaske ba, sai jabunsa.) Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in sha bayan na ci abinci. In ya tashi in huta, in ɗaga ƙafar, in ɗora ƙanƙara, kuma kada in naɗe ta in daɗe. Sannan ya ce abin da ya fi shi ne a sa allura a zuƙe ruwan, zan ji sauƙi nan take, su ma su duba ruwan su tabbatar.

Ya buɗe aljihun tebur ya ciro allurar. Ni da na sha jera yara a layin rigakafi ina daka musu tsawa cewa namiji ba ya tsoron allura, na dubi tsawon wannan abu na ce wa likita ina da taron gaggawa, zan dawo mako mai zuwa. Shekara uku ban koma ba.

Haka muka ci gaba da zama ni da gwiwa. In ta tashi, sai in ce wa malamai zazzaɓi nake yi, in kulle kaina a gida. Ƙanƙara a Gummi kuwa sai wanda Allah ya ba, don wutar lantarki baƙuwa ce, sai Hauwa ta jiƙa tsumma da ruwan randa. Salla a zaune, amma a ɗaki, ba a masallaci ba. Babur ɗina na koyi tayar da shi da ƙafar hagu. Maganar shiga bayi kuwa, ku bar ta tsakanina da Ubangijina.

Ana nan sai maganar auren Bashiru ta taso. Bashiru ɗan yayana ne marigayi, a hannuna ya girma, yana aikin malamin gona a Bukkuyum. A wajen aikin nan ya ga Safiya, malamar firamare a Gwashi, suka daidaita. Matsalar ita ce kakanta Alhaji Mamman, wanda maganar aurenta ke hannunsa. Tsohon nan mutum ne mai bincike. An ce ya mayar da masu nema biyu, ba don halinsu ba, sai don ya ji akwai ciwon gado a danginsu. Shekara biyu Bashiru yana kai da komowa kafin tsohon ya aiko cewa manya su zo ranar Asabar a yi magana.

Ranar Laraba gwiwa ta tashi.

Na zauna ina kallonta kamar maƙiyi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mahaifin Bashiru ma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Na ce a raina, in tsohon nan ya ga ni ma ina jan ƙafa, zai haɗa wancan da wannan ya ce gadonmu ne, shi ke nan yaron nan ya rasa matarsa ta dalilina. In kuma na aika a ɗaga tafiyar, dole ɗan aike ya faɗi dalili. Sai na kira wanzami ya yi mini ƙaho har wuri shida a kewayen gwiwar, aka shafe da man kaɗanya da tafarnuwa. Safiyar Asabar na nemi abin da zan ɗaure kumburin tamau kada ya nuna, ban sami bandeji ba, na ɗauki kallabin Hauwa, wani ja mai manyan furanni rawaya.

Tana tsaye tana kallona ta ce, "Malam, ka hwaɗa musu gaskiya tun daga ƙohwa, su ba ka kujera. Mi na na wahala?"

Na ce, "Ke dai ba ki san maganar maza ba."

Ta ce, "Awo. Allah shi kiyaye hanya. A dawo man da kallabina."

Na zaɓi wando mai faɗin ƙafa, na zuba babbar riga mai aska takwas, na haɗiye ƙwayoyi biyu, muka shiga tsohuwar a-kori-kurar ƙanena Sani da ƙwaryar goro a baya. Duk ramin da ke hanyar Gwashi sai da ya gaisa da gwiwata. A bakin gari muka ajiye Bashiru a ƙarƙashin wata tsamiya, tunda mai neman aure ba ya shiga wurin irin wannan magana. Ya riƙe hannuna ya ce, "Baffa, gare ka na dogara." Na buga ƙirji na ce ya kwantar da hankalinsa.

Daga mota zuwa zaure taku kamar ashirin ne, kuma na yi su ba ɗingishi ko ɗaya. Na sha wuya, amma na yi. Bayan azahar ne, zauren cike da dattawa, Alhaji Mamman na zaune a kan buzu, siririn tsoho mai farin gemu da idanu kamar na mai awon hatsi. A nan ne lissafina ya fara rushewa. Na shirya tafiya, ban shirya zama ba. Babu kujera ko ɗaya, tabarma ce. Kuma duk ɗan da aka haifa a ƙasarmu ya san ba a miƙe ƙafa a gaban dattijo, balle wanda ka zo roƙon jikarsa. Miƙe masa tafin ƙafa daidai yake da zagi. Na cije leɓe, na naɗe gwiwar nan da likita ya ce kada in naɗe, na yi zaman tahiya, na baza riga na rufe komai.

Maganar ta tafi yadda ake so. Aka gaisa, aka sha fura, na gabatar da buƙatarmu cikin Hausa mai kyau (zufa na zuba, suna zaton kwarjinin wurin ne). Tsohon ya yi 'yan tambayoyi a kan aikin Bashiru da sallarsa, sannan ya ce, "Mun ba ku. Allah shi sa albarka." Aka sa rana bayan babbar salla, aka shafa fatiha. Sani ya miƙe yana gyara hula.

Na yunƙura. Babu abin da ya motsa. Na sake yunƙurawa, sai na ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi daga gwiwa har ƙeya. Ƙafar ta ƙage a naɗe, kamar ba tawa ba.

To a al'ada, baƙo ne ke fara tashi bayan fatiha. Wanda ya ci gaba da durƙuso kuwa, alama ce yana da sauran roƙo. Alhaji Mamman ya dube ni ya ce, "Malam, da sauran magana?"

A nan ne Allah ya ba ni dama in faɗi gaskiya cikin kalma uku. Ni kuwa na buɗe baki na ce, "E, Baba, da saura."

Sani ya koma ya zauna yana kallona. Ni kaina ban san sauran ba. Na ce a raina bari in sayi minti biyar ko jini zai sauka. Sai na ji bakina yana cewa, in da hali, muna roƙon a matso da ranar zuwa kafin azumi. (Ɗakin Bashiru ko rufi ba a yi masa ba. Na sani sarai.) Dattawan suka yi ƙus-ƙus, tsohon ya ce, "Wanga ba abin wahala ba na. Mun matso da ita." Aka sake fatiha. Na sake yunƙurawa. Shiru.

"Da saura, Malam?"

Na ce muna roƙon a yi wa mahaifin yaron addu'a. Aka yi, doguwa kuwa, har da su ƙulhuwallahu goma sha ɗaya. Sani ya matso ya raɗa mini, "Yaya, tashi mu tahi, lahiya kake?" Na harare shi irin hararar da nake wa ɗalibin da ya makara. Tsohon ya ɗaga gira a karo na uku, ni kuma da dabara ta ƙare mini, na ce tunda mun zama ɗaya, zan so in ji tarihin wannan gida mai albarka.

Wayyo. Ashe abin da tsohon nan yake jira ke nan shekara da shekaru. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Kai ɗan boko na mai hankali. Yaran yanzu ba su tambaya." Ya gyara zama ya ɗauko tun daga kakan kakansa da ya sari dajin da ya zama gonarsu. Wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace shekara fara ta cinye gero, wane Bafillace ne ya ba su saniyar farko. Ina gyaɗa kai ina "Allahu akbar", hawaye na taruwa a idona, wani dattijo har yana nuna ni yana cewa labarin ya ratsa Malam. A lokacin ba na jin ƙafar gaba ɗaya daga cinya zuwa ƙasa, sai bugun zafi kawai kamar ana daka a ciki.

Ana tsakiyar kaka na uku aka kira la'asar. Kowa ya miƙe, har tsohon da ya haura tamanin, ya tashi tsaf ba tare da ya dafa komai ba. Saura ni kaɗai a tsakiyar tabarma kamar tulu. Sani ya gaji, ya kama hannuna ya fizga.

Ihun da na yi, ban san yana cikina ba. "Wayyo Inna!" Da ƙarfi, har tantabarun da ke saman zauren suka watse. Ni, mai shekara hamsin da takwas, hedimasta, ina kiran Innar da ta rasu shekara goma sha tara. Daga cikin gida wata mata ta ɗaga murya, "Kunama ta? Ku duba mai, kunama ta!" Kafin in ce a'a, mutum biyu sun yaye babbar rigar, wani ya kama ƙafar wandon ya ja sama. Wandon da na zaɓa don faɗinsa bai yi gardama ba ko kaɗan.

Ga kallabin Hauwa nan, ja mai furanni rawaya, ɗaure da gwiwa mai girman ƙwarya. Ga tsagar ƙaho tana leƙowa ta gefe. Warin tafarnuwa ya cika zauren. Wani ya yi tari irin na mai haɗiye dariya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da rigata da hulata.

Mutum huɗu suka ɗauke ni yadda nake a naɗe, kamar buhun gero, suka fito da ni ƙofar gida a gaban duk masu tafiya masallaci. Aka kife turmi aka ɗora ni, aka yi ta jan ƙafar a hankali ina salati har ta miƙe. A kan turmin nan na yi la'asar.

Da suka dawo daga masallaci, Alhaji Mamman ya tsaya a kaina. Babu dariya a fuskarsa, babu faɗa. Ya ce, "Malam, ciwo na Allah na. Amma kun taho neman ɗiya da abu ɓoye cikin wando. In wanga kunka ɓoye, mi yar rage da ba mu gani ba?" Ya juya ga 'ya'yansa ya ce goron ya zauna yadda yake, kada a raba, za su sake shawara. Kowa ya san ma'anar goron da ba a raba ba.

A ƙarƙashin tsamiya Bashiru ya taso da murmushi, ya ga an kwantar da ni a bayan mota, murmushin ya tafi. Sani ya ba shi labari a taƙaice. Muka kama hanya har muka wuce Bukkuyum. Can sai Bashiru ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baffa, shekara biyu nike bin maganag ga." Kunyar zaure ta yi mini zafi, amma wannan ta fi ta nesa. Yaron da yayana ya bar mini amana, na je in gyara masa na ɓata, kuma ba don komai ba sai don kada a ga Hedimasta yana ɗingishi. A gida Hauwa ta kwance kallabinta, ta shinshina, ta jefa a bokitin wanki.

Ranar Litinin na koma Sakkwato da ƙafata (to, da ƙafa ɗaya da kafaɗar Sani). Likitan nan yana nan, kuma ya gane ni. Ya ce, "Malam, an gama taron?" Na kawar da kai na miƙa gwiwa. Allurar da na guje wa shekara uku ba ta kai zafin ƙaho ɗaya ba. Ya zuƙe ruwa mai yawa, launin ruwan tsamiya, ya yi mini faɗa a kan tsagar wanzami, ya ce sa'a na ci ba ta ɗauki ƙwayar cuta ta shiga gaɓar ba. Kafin in isa tasha na ji kamar an sauke mini dutse. Da sakamakon ya fito na tambaye shi abin da ke cina: gado ne? Ya ce galibi shekaru ne ke kawo shi, amma akwai gidajen da yake bi, ba zai rantse mini ba. Na so ya rantse. Bai rantse ba.

Bayan mako biyu na koma Gwashi da sanda a hannu, ina ɗingishi a fili tun daga mota. A bakin zaure na yi sallama na ce, "Baba, ina neman izini in miƙe ƙafa, ba raini ba ne, ba ta naɗuwa." Ya sa aka kawo mini benci. Na faɗi komai: sunan ciwon, ƙwayoyin, ƙahon, tsoron allurar, ɗingishin yayana, har da maganar likita cewa ba zai rantse ba. Wannan ta ƙarshen na fitar da ita ina jin kamar da hannuna nake yanka auren.

Tsohon ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Da wagga magana kaz zo da ita ran hwarko, da ba ka sha tarihinmu ba." Dattawa suka fashe da dariyar da suka riƙe mako biyu. Ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce shi abin da yake gudar wa jikarsa gidan da za a rufe ta da ƙarya ne, ciwon gwiwa kuwa in mutum ya yi tsawon rai zai same shi ko a gidan wa yake. Ya tambaye ni, "Ranar da kac ce a matso da ita, kai kar roƙa ko gwiwa?" Na ce gwiwa ce. Ya ce to an mayar da ita inda take, gwiwa ba ta da wakilci. Ya sa aka fito da goron aka raba a gabana.

Ranar ɗaurin aure an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, jama'a daga Gummi, Bukkuyum har da Anka. Na zauna a gefe da ƙafata a miƙe, na karɓi auren a haka. Da aka shafa, mutane suka fara tashi, ni kuma na fara laluben sandata da wani ya ture ta baya. Sai na ga Bashiru ya ratso abokansa da sabuwar rigarsa, ya sunkuya a gabana ya kawo kafaɗa. Tun ranar tsamiya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ce, "Dahwa, Baffa." Idon kowa na kanmu. Na dafa, na tashi.

Gwiwar tana nan har yau, sau biyu ko uku a shekara takan kawo ziyara, kuma yanzu da ta fara ɗumi nake neman mota. Abin da na koya bai da yawa. A ce "ku kama ni in tashi" ba ya cin daƙiƙa biyu, ni kuwa na biya awa biyu a durƙushe, da ihu ɗaya, da mako biyu na baƙin cikin yaron da bai yi mini komai ba, duk don in kauce wa faɗinsa. Kuma a ƙarshe sai da aka kama ni ɗin, mutum huɗu maimakon ɗaya.